Tafiyarmu Sakkwato Neman Allurar Sinawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, ni da mai gidana a wurin aiki, cikin tsohuwar Fijo tawa. Masu sauraron labaran yamma sun san muryarsa, don haka ba sai na ambaci sunansa ba. A ofis Malam kawai muke ce masa. Shi ya koya mini fassarar labarai. Shi ne kuma ya saba mini da tambayoyin da ake yi wa kowace takarda kafin a shiga da ita ɗakin watsa shiri: wa ya faɗa, ina ya samo, me ya bari bai faɗa ba.

Ga dalilin tafiyar. Watannin baya Malam ya tashi wata safiya ya tarar ɓarin fuskarsa na hagu ya shanye. Bakin ya karkace, idon hagu ba ya rufuwa, leɓɓansa ba sa haɗuwa. Mutumin da ake kawo wa sababbin ma'aikata su ji yadda ake fitar da harafi, sai ga shi ba ya iya cewa "barka" ba tare da iska ta tsere ta gefe ba. Shugabanmu ya ba shi hutu, ya kuma gaya masa cikin ladabi cewa idan hutun ya ƙare bakin bai daidaita ba, za a mai da shi ɗakin ajiye faya-fayai. Likitansa na Kaduna ya yi fafutuka ya samo masa ranar ganin masanin jijiya a wani babban asibiti a Kudu, irin ranar da in ta wuce ka sai ka sake bin dogon layi. Ana cikin jiran wannan rana sai wata takarda ta biyo ta teburinmu daga Sakkwato. Ta ce akwai wani likita da ya yi kwas a ƙasar Sin, yana maganin shanyewar fuska da siraran allurai, kuma kusan duk waɗanda aka yi wa sun samu sauƙi.

Malam ya karanta, ya ce in kai shi. Muka yi shawara: za mu je mu gani, idan akwai ƙamshin gaskiya ya zauna a yi masa, idan babu mu juyo da wuri ya cim ma ranarsa ta Kudu. Binciken ni aka ɗora wa. Na ɗauki hutuna na shekara ina ganin aiki ne mai sauƙi, tunda tambaya ce sana'ata.

Hanyar Zariya zuwa Funtuwa cike take da manyan motoci masu dakon siminti da rodi. Kowa gini yake yi a ƙasar nan. A gefen titi kuma gawarwakin sababbin motoci ne, wasu ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Tun da aka yi ƙarin albashi mutane ke sayen mota kafin su koyi tuƙi. A Funtuwa muka bi layin mai, mu 'yan ƙasar da ke sayar wa duniya mai, har rana ta ɗaga. Mai shayin da ke bakin gidan man ya ninka kuɗin burodi, da na yi magana ya ce ai mu ma'aikata mu muka ja, shi ma so yake ya ɗanɗana arzikin.

Kafin Gusau sojoji suka tsayar da mu a shinge. Wani kofur ya karɓi katin aikin Malam, ya duba, fuskarsa ta washe.

"Kai! Baba, kai ne mai labaru? Wallahi kullum muna jin ka a bariki. Yi mana irin buɗewar nan taka mu ji."

Malam ya cire baƙin tabarau da yake kare idon da shi daga iska. Kofur ya dube shi, dariyar ta tsaya. Ya miƙo katin da hannu biyu.

"Ayya. Sannu Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Malam.

Muka wuce. Ban ɗauki wannan amsa a bakin komai ba, don ni ma ita zan bayar.

A Talata Mafara muka tsaya shan fura. Furar ƙasar nan ba ta da na biyu, nonon kuma ba a tsinka shi da ruwa ba. Malam ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma bayan mota. Tun da ciwon ya same shi ba ya cin abinci a gaban mutane, saboda sai ya karkata kai ya tallafe leɓe da yatsa, duk da haka sai ta zubo. Na tsaya ina duba tayoyin da ba abin da ya same su har ya gama.

Mun shiga Sakkwato da la'asar, cikin zafin bazara irin wanda sitiyari ke ƙona tafin hannu. Garin yana buɗewa ta kowane gefe: sababbin ofisoshi, shataletale, fitilun titi da ba a kunna ba tukuna. Masaukinmu a unguwar Gidan Dare ne, gidan wani Alhaji mai sana'ar shanu da nama, tsohon aminin surukin Malam. Mutum ne mai jiki da raha. Ya tarbe mu da gasasshen nama da albasar fadama, ya lura Malam yana jin nauyin ci, sai ya juya masa baya yana ba ni labarin tsadar shanu kamar ba da gangan ba. Da ya ji yadda Malam ke fama da "lafiya", ya yi dariya.

"Malam, ai gida ka zo. Mu nan lahiya muka cewa, mu ce tahi, ba mu wahal da leɓe. Ka zamna nan ba mai gane komi."

Malam ya yi dariya da rabin fuska. Rabon da in ji dariyarsa an daɗe.

Sai Alhaji ya matso da fuskarsa kusa da mu, ya hura kumatu, ya rufe idanu, ya ɗaga gira. Ya ce shi ma bara haka ya kwana ya tashi, bakinsa na kallon kunne, allurar nan ce ta mai da shi. Fuskarsa daidai take, ba alamar komai. Na ga yadda Malam ke kallonta, na san rabin shawarar an riga an yanke.

Na tambayi Alhaji tsawon lokacin da ya yi da ciwon kafin ya je. Ya ce bai kai mako ba. Na ce allurar kaɗai aka yi masa? Ya ce a'a, wa zai zauna da abu ɗaya? Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, malaminsa ya ba shi rubutu, uwargida tana gasa masa fuskar da tsumma mai ɗumi, wani ɗan'uwansa kuma ya kawo ƙwayoyi daga kantin magani a Sabon Gari. Na ce to, ta yaya ya san allurar ce?

"Ɗan Kaduna, kai dai akwai tambaya! Ita ce mai zahi, ita ta yi aiki."

Kashegari muka tafi asibitin. Yana wajen Arkilla, inda ake ta yanka filaye ana gina gidajen ma'aikata. Sabon gini ne mai fenti fari, a barandarsa an jera na'urorin sanyaya ɗaki cikin kwalayensu, ana jiran ranar da wuta za ta iya ɗaukarsu. Masu jira sun cika benci: manoma, 'yan kasuwa, wani malamin makaranta, mata lulluɓe har ido. Yawancinsu sun rufe rabin fuska da rawani ko gyale. Ba na jin na taɓa zama cikin taron da ya kai wannan shiru.

Likitan matashi ne mai natsuwa, ya san muryar Malam, ya tashi tsaye ya gaishe shi. Ya kwantar da shi, ya goge fuskar, ya shiga kafa allurai sirara kamar gashi: a goshi, a kunci, a gefen hanci, a haɓa, har da bayan hannu. Yana murza kowace a hankali yana tambaya ko an ji nauyi. Hannunsa ba ya rawa, alluran kuma tafasa su ake yi a gabanka. Ban ga wani abin zargi a aikinsa ba, ina so a riƙe wannan.

Abin da na gani a bakin ƙofa nake so in ba da labari. A nan teburin ma'aikaciyar jinya yake, wata mata mai kirki 'yar ƙasar Jos, kowa Sista yake ce mata. Mijinta malamin makaranta ne, sun daɗe a garin, Hausarta har da karin Sakkwatanci. Duk wanda ya gama adadin alluransa sai ya tsaya gabanta ta sallame shi. Na zauna kusa ina saurare. Wani dattijo ya zo, bakinsa a karkace kamar yadda na tabbata ya zo da shi, hawaye na bin kuncinsa daga idon da ba ya rufuwa.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata. Mun gode Allah, mun gode likita."

Ta yi alama a takarda. Na bayansa ya zo, shi kuwa ya warke sarai, ya ba da amsa iri ɗaya. Ta yi alama. Wata mata ta amsa daga cikin lulluɓi, ba wanda ya ga fuskarta, ita ma da sauƙi.

Da layi ya ragu na gaishe da Sista, na tambaye ta yadda ake rubutawa. Ta ce gida uku ne a takardar: wanda ya warke, wanda ya samu sauƙi, da wanda bai ga canji ba. Na ce gida na ukun yana samun baƙi? Ta yi ɗan murmushi.

"Ai kai Bahaushe ne. Ka taɓa zuwa dubiya mara lafiya ya ce maka babu sauƙi? Ko yana gargara da sauƙi zai ce."

"To dattijon nan fa? Ai kin ga bakinsa."

"Na gani. Amma ban ga yadda ya zo da shi ba, lokacin ina aiki a ɗakin haihuwa. An ce in tambaya in rubuta. In ya ce da sauƙi, in rubuta masa ƙarya yake yi?"

Na ce waɗanda suka fara zuwa suka daina fa? Ta ce ba a sa su cikin lissafi, tunda ba a sallame su ba. Wasu ma'aikatan ma suna ɗauka cewa wanda bai dawo ba warkewa ya yi, don mai ciwo ba ya guje wa magani.

Na samu likitan bayan azahar yana cin gyaɗa a ofis, abincin ranarsa ke nan. Na jero masa tambayoyina kamar yadda Malam ya koya mini. Mutanen da ke cikin rahoton, nawa ne suka zo a makon farko na ciwon, nawa ne suka zo bayan watanni kamar Malam? Ya ce ba a raba ba. Akwai wanda ya auna rufuwar ido ko motsin leɓe kafin a fara da bayan an gama? Ya ce ya so a riƙa ɗaukar hoto, ya rubuta neman kyamara, aka aiko masa da labule da kafet. An tambayi abin da suke sha a gida? A'a. An kwatanta su da waɗanda ba a yi wa allura ba?

A nan ya ajiye gyaɗar. Ya ce shi ma ya sani, ciwon nan sau da yawa yana warkewa da kansa cikin makonni, ko an yi magani ko ba a yi ba, haka aka koya musu tun a makaranta. Amma mutum ya taso daga ƙauye ya sayar da akuya, ya zo gabanka, ka ce masa koma gida ka zauna ina so in gwada da kai? Ya ce shi kaɗai ne a sashen, ma'aikatar lafiya kuma rahoto take so mai shafi ɗaya, saboda manyan baƙi na zuwa a nuna musu ci gaba. Ya rubuta dogo da sharuɗɗa, aka dawo masa da shi a taƙaita.

Na ce, "Likita, bar rahoto. Tsakaninka da Allah, mai ciwon watanni kamar Malam, allurar nan za ta yi masa?"

Ya tashi ya rufe ƙofar ofis. Sannan ya ce, "Na ga waɗanda na yi zaton ta yi musu. Amma ban sani ba. Da na sani da na gaya maka."

Ban tsaya nan ba. Alhaji ya haɗa ni da wani mahauci abokin sana'arsa a kasuwar nama, wanda aka yi wa allurar aka sallame shi. Na same shi yana sara ƙashi, bakinsa a gefe, ya ɗaure idon da ƙyalle saboda ƙudaje. Na ce me ya gaya musu ranar sallama? Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa. Ya ce yaron nan likita ya yi ta ɗawainiya da shi bai karɓi ko kwabo ba, mi zai ce masa? A Sabon Gari kuma na sami wani kafinta da ya warke ba tare da ya taka asibitin ba, tsoron allura yake yi. Shi ba ya cikin lissafin kowa.

Na koma na shimfiɗa wa Malam komai, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce takardar da ta kawo mu ba ta ce komai game da mutum irinsa ba. Ban ce allurar ba ta aiki ba, cewa na yi ba wanda ya sani, har mai yin ta. Na tuna masa ranarsa ta Kudu tana matsowa, idan za mu cim mata sai mu tashi cikin makon. Ya saurara kamar yadda yake sauraren fassarar sabon ma'aikaci, ido ɗaya a lumshe. Da ni na kawo masa irin wannan takarda a ofis, da ya jefo mini ita ya ce a koma a yi tambaya. Amma Alhaji na zaune a gefe da fuskarsa lafiya lau, yana yanka mana kilishi.

"Na Kudu ma bai ce zai gyara ba," in ji Malam a hankali. "Dubawa ya ce zai yi. Wannan kuwa yana taɓa wurin."

Muka zauna. Ranar Kudu ta zo ta wuce muna kan bencin Arkilla.

Sauran kwanakin ba su da labari mai yawa. Da safe allura, da rana zafi, da yamma mu gangara bakin gulbi inda masu lambu ke ban ruwa, Malam ya tsaya nesa da mutane yana gwada buɗe labarai a hankali, yana maimaita kalma ɗaya. Kowace safiya yakan duba madubin aski na Alhaji, ya tambaye ni ko na ga girar ta motsa. Wata rana na ga kamar ta motsa. Washegari na ga kamar ba ta motsa ba. Ni da na zo aunawa, ban da ma'auni sai idona, idon kuma yana son Malam.

Ranar sallama likita ya fito har bakin ƙofa ya raka shi. Na tsaya a bayansu. Malam ya tsaya gaban teburin Sista, hankici a hannu yana tare hawayen idon hagu.

"Malam, yaya jiki?"

Ya dubi likitan, wanda ya sunkuyar da kai kamar ɗalibi mai jiran sakamako.

"Da sauƙi. Allah ya saka da alheri."

Sista ta ɗaga ido ta dube ni. Na kau da kai. Ta yi alamarta a gida na tsakiya.

Alhaji ya cika mana but ɗin mota da albasa da kilishi, ya ce sauran sauƙin a hanya zai same mu, nasa ma a hankali ya zo. Muka kama hanya, muka wuce Talata Mafara. Wajen Gusau na kasa haƙuri.

"Malam, kai ma?"

Ya gane abin da nake nufi. Ya ce, "Yaron nan ya yi makonni yana sunkuye a kaina. In tsaya gaban ma'aikaciyarsa da jama'a in ce aikinsa bai yi ba? Kuma ina da rai, ina tafiya da ƙafata. In ce babu sauƙi, Allah na ji?" Ya gyara tabarau. "Kai da kake tsaye, me ya hana ka faɗa?"

Na ci gaba da tuƙi.

Mun iso Kaduna lafiya. Hutun Malam ya ƙare, yanzu yana ɗakin faya-fayai, yana jera su bisa tsari irin wanda ɗakin bai taɓa gani ba. An rubuta neman wata ranar a Kudu, ba a amsa ba tukuna. Likitansa na nan ya ce jinkiri ba ya taimakon jijiya.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Ban haɗu da maƙaryaci ko ɗaya a Sakkwato ba. Likitan mai gaskiya ne, Sista ta rubuta abin da aka gaya mata, marasa lafiya sun yi abin da iyayensu suka hore su da shi, wato kada ka kunyata wanda ya taimake ka, kada ka yi wa Ubangiji ƙorafi a bainar jama'a. Aka tara wannan ladabi duka aka aika ma'aikatar lafiya, ya fito a matsayin sakamakon gwaji. Mai yiwuwa allurar tana aiki. Mai yiwuwa ba ta yi. Za a gina mata sabon sashe, a yi ta kafa ta a fuskokin mutane shekara da shekaru, ba tare da an sani ba, domin tambayar da ake yi amsarta ɗaya ce tun kafin a yi ta.

Makon jiya sabon rahoto ya iso teburina daga can, ya ce adadin waɗanda suka samu sauƙi ya ƙaru. Na san ɗaya daga cikinsu, yana ɗakin faya-fayai a ƙarshen barandarmu. Na kai wa edita na ce a jingine shi, ya ce takardar gwamnati ce, ba mu ke zaɓa ba. Na fassara, wanda ya gaji kujerar Malam ya karanta, muryarsa ba laifi.

Shekaranjiya ina fitowa daga aiki wani mutum ya tare ni a bakin ƙofa, da alama daga ƙauye yake. A bayansa akwai tsoho zaune a gindin bango, ya rufe rabin fuska da rawani. Mutumin ya ce mahaifinsa ne, sun ji labarin a rediyo, an kuma gaya masa ni na kai mai karanta labarai Sakkwato. Ya gaishe ni da kyau, sannan ya ce, "Yaya jikin Malam ɗin?"

Na ji bakina ya ce, "Da sauƙi."

Ya yi hamdala, ya yi mini godiya, ya koma ya ɗaga tsohon. Na buɗe baki in kira shi, sai na rasa abin da zan ce, don ba zan iya rantsuwa cewa allurar ba za ta yi wa mahaifinsa ba. Ina tsaye suka tsallaka titi, suka nufi tashar motocin Sakkwato.